Yadda ake kama kifin bas a tsakiyar hunturu da fulot da ɗan jig mai gashi

Wannan bayanin na 'yan'uwa ne da ke zaune a Amurka, musamman wajajen Tenesi da Kentaki, masu sha'awar fatsa amma da zarar Disamba ta shigo sai su jingine sanda su ce sai bazara. Toh gaskiya kuna barin rabonku a ruwa, don lokacin da sanyi ya fi tsanani shi ne lokacin da manyan bas masu ƙaramin baki suka fi sauƙin samu, in dai mutum ya san dabarar da 'yan nan ke kira float and fly. Kar sunan ya ruɗe ka, ba irin fatsar nan ba ce da ake kaɗa doguwar igiya a iska. Fulot ne kawai a sama, wato ɗan abin da ke yawo a kan ruwa, ɗan jig mai gashi, wato ƙugiya mai kan dalma da aka yi wa siffar ɗan kifi, yana rataye a ƙasansa, shikenan. Duk wanda ya taɓa ɗaura totuwar kara a zaren fatsa yana yaro ya zauna yana jiran ta nutse, ya riga ya san rabin aikin.

A gabashin Tenesi abin ya samo asali, a tafkuna irin su South Holston da Watauga, kuma wani mai sana'ar kayan fatsa Charlie Nuckols shi aka fi dangantawa da yaɗa shi. Daga nan ya bazu zuwa Dale Hollow, tafkin da ke kan iyakar Tenesi da Kentaki, inda David Hayes ya kama bas mai ƙaramin baki mai nauyin laba 11 da oza 15, kusan kilo 5.4, a watan Yulin 1955, wanda har yau shi ke riƙe da kambun duniya. Idan baka san kifin ba, ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja, da zane-zane a tsaye a jikinsa, kuma in ya rufe baki ƙarshen muƙamuƙinsa baya wuce saitin idonsa. Na ɗan'uwansa mai babban baki yana wucewa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin mu shiga kaya. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, wato 50 a Faranhait da ake amfani da shi a nan, jikin kifin mutuwa yake, baya bin abinci da gudu, kuma baya kwanciya a ƙasa, tsayawa yake a tsakiyar ruwa kamar an rataye shi. A daidai wannan lokacin ƙananan kifayen da yake ci, irin su shad, sanyi na galabaitar da su suna ɗan karkarwa a wuri ɗaya. Aikinka shi ne ka ajiye masa wani ɗan abu mai kama da su a saitin hancinsa ko sama kaɗan, ka bar shi nan ya daɗe. Duk wani kayan da zan lissafa don wannan ne.

KAYAN AIKI

Sanda. Doguwa mai laushi, ƙafa 9 zuwa 10, irin wadda ake ɗaura ril mai juyawa, wato abin naɗe zare, a ƙasanta. Tsawon ba ado ba ne, shi ke baka damar jefa zare mai tsawon ƙafa 10 a ƙasan fulot, laushin kuma shi ke shanye fizgar kifi kar siririn zaren ya tsinke. In baka samu wadda aka yi takanas don wannan ba, sandar kamun kifin da ake ce wa kirafi (crappie) mai ƙafa 9 ko 10 tana yi, haka ma marar nauyi cikin irin na masu kamun kifin stilhed (steelhead).

Ril. Madaidaici, mai lamba 2000 ko 2500. Abin dubawa a jikinsa ɗaya ne, birkinsa ya riƙa sakin zare sumul ba tare da cijewa ba. Ja zaren da hannu a shago ka ji, in yana yin ƙiƙ ƙiƙ yana tsayawa, ajiye musu kayansu.

Zare kala biyu. Wanda zai cika ril, saƙaƙƙen zare mai laba 6 zuwa 8, wato nauyin da yake iya ɗauka kafin ya tsinke, in da hali mai launi mai haske don ka riƙa ganinsa a kan ruwa. Sai wanda zai sauka daga fulot zuwa jig, fulorokabon mai laba 4 zuwa 6, shi kifi baya ganinsa sosai kuma yana nutsewa.

Suwibul mai baki uku, ƙarami. Wani ɗan ƙarfe ne mai zobe uku da kowanne ke juyawa.

Fulot. Na soso, mai siffar fiya, faɗinsa kamar inci ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, mai ɗan maƙalin waya a gindi. Kar ka sayi ƙaton nan ja da fari na roba, kifin da sanyi ya kashe wa jiki in ya ja ya ji tauri tofarwa zai yi.

Jig. Nauyin oza 1/16, bai kai giram 2 ba, da 'yan 1/32 na ranar da kifi ya yi taurin kai. Kan dalma ne da ƙugiya, an ɗaure masa gashin roba mai laushi ko gashin agwagwa, tsawonsa duka bai wuce inci 2 zuwa 2 da rabi ba. Ka samu launin toka da fari, da na gashin agwagwa, sai guda biyu masu ɗaukar ido kamar ruwan hoda ko tsanwa mai ɗorawa-ɗorawa.

Sai koma mai dogon mariƙi, wannan dole ce, zaka ga dalili a gaba. Da ma'aunin zafin ruwa, da ɗan almakashi, da filaya, da man shafa wa jig mai warin tafarnuwa da ake sayarwa a shagunan bakin tafki. Da lasisi. A Tenesi hukumar TWRA ke bayarwa, zaka iya saya ta intanet ko a Walmart, kar ka ce ai hunturu ne ba mai dubawa.

Rigar ceto kuma ba a cikin akwatin jirgi ba, a jikinka. Ruwa mai digiri 6 ko 7 in mutum ya faɗa, minti na farko numfashi ne ke ƙwace masa, bayan kamar minti goma hannu da ƙafa su daina jin magana komai iya iyonsa. Ka sa kaya hawa-hawa, ka guji na auduga a jikin fata don in ya jiƙe sanyi yake riƙewa, ka ƙulle busassun kaya na canji a leda, ka cika fulas da shayi. Kuma dan Allah kar ka fita kai kaɗai.

1. DUBA RUWA DA RANA KAFIN KA FITA

Ba kowace rana ba ce ranar wannan dabara. Abu biyu take so a ruwa, ya zama mai sanyi kuma garau. In ma'auni ya nuna tsakanin digiri 4 da 9 kana kan daidai. In an yi ruwan sama tafki ya gurɓace ya koma ruwan kunu, toh ka nemi ɓangaren da ke kusa da madatsar inda ruwa ya fi zama garau, ko ka haƙura, domin kifin da ido yake ganin jig ɗin, jig ɗin ba ƙara yake yi ba balle ya ji.

Ranar da tafi kyau ita ce wadda kowa ke ƙin fita, gari ya yi hadari, ba rana, ga 'yar iska tana kaɗa fuskar ruwa, ko ma ana ɗan yayyafin ƙanƙara. Ranar da sama ta yi tas rana ta fito ruwa ya kwanta lum, kifi na ƙara yin ƙasa kuma yana tsoro, ana kamawa amma da wahala. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne kakar abin, wani lokaci ya ɗan taɓa Maris.

2. HAƊA KAYAN

Yi wannan a gida cikin ɗumi, ba a kan ruwa da yatsun da suka ƙage ba.

Zura saƙaƙƙen zaren ta zoben sanda duka, ka ɗaure shi a baki ɗaya na suwibul. Ƙullin da ya fi riƙe irin wannan zaren shi ne wanda ake ce wa Palomar: ka ninka bakin zaren biyu, ka zura ninkin ta zobe, ka yi ƙulli na yau da kullum sako-sako da ninkin, sannan ka zura suwibul ɗin gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali. Shi ya sa ake fara ɗaura wannan kafin komai ya hau suwibul ɗin.

Baki na biyu, ɗaura fulorokabon. Auna ƙafa 10 a matsayin mafari. Baki na uku, maƙala fulot da wayarsa. A ƙarshen fulorokabon ɗaura jig, kuma duk ƙullin da zaka yi da wannan zaren sai ka jiƙa shi kafin ka ja, in ba haka ba zafin gogayya na raunana shi a daidai ƙullin, kuma a nan zai tsinke ranar da babban ya zo.

Yanzu ga wani ɗan abu da sabbin shiga basa kulawa da shi. Riƙe zaren jig ɗin ya rataya ka kalle shi. Kwance ya kamata ya kasance kamar ɗan kifi a ruwa, kai da jela a layi ɗaya. In jelar ta yi ƙasa yana reto a tsaye, tura ƙullin da farce ya koma bayan zoben, ɓangaren da tsinin ƙugiya yake, zaka ga jelar ta ɗago. Bayan kowane kifi, ko duk lokacin da ya maƙale ka fizgo, ƙullin na zamewa gaba, sai ka sake gyarawa.

Gwada fulot ɗin a bokiti ko a bahon wanka da guntun zare. Abin da ake so, in jig na rataye fulot ya miƙe tsaye rabinsa a ruwa, in ka ɗaga jig ɗin da hannu ya kwanta a gefe. In baya kwanciya canza shi, domin wannan kwanciyar labari take baka.

In babu suwibul ko saƙaƙƙen zare, cika ril da nailan mai laba 6 kawai, ka ɗaura jig a ƙarshe, ka auno ƙafa 10 ka naɗa zaren sau biyu ko uku a wayar fulot. Haka mutanen farko suka yi kuma yana kamawa, har ya fi sauƙin canza zurfi. Illarsa wayar na cin zaren, don haka ka riƙa shafa wurin da yatsa, da ka ji ya yi kaushi ko ya lanƙwashe yanke ka sake.

3. GYARA JIG

Sabon jig yakan zo da gashi buzu-buzu. In ya yi yawa rage shi da almakashi daga ciki, ba ka datse jelar a miƙe ba, so ake ya tafi yana sirancewa. Wasu na shafe shi da man tafarnuwar nan har gashin ya manne ya zama siriri sak ɗan kifi, wasu kuma kan dalmar kawai suke shafawa su bar gashin yana numfashi a ruwa. Ni na biyun nafi yi wa na gashin agwagwa, don kyansa shi ne wannan ɗan buɗewa da rufewar da yake yi ko ba ka taɓa shi ba. Na gashin roba kuma in ruwa ya yi garau sosai nakan shafe shi duka. In baka samu man ba, basilin da ɗan garin tafarnuwa ya wadatar.

Maganar launi kar ta ɗauke maka hankali. Rana ta fito, sa toka ko na agwagwa. Gari ya yi duhu, sa mai ɗaukar ido. Iyakarta kenan.

4. NEMO WURI DA TSAYAR DA JIRGI

Dutse zaka nema da zurfi a kusa. Gaɓar da ta sauka a tsaye kamar bango, da gangaren duwatsu mai tsayi, da hancin ƙasa da ya shigo cikin tafki, musamman wanda tsohuwar hanyar kogi ta bi ta gefensa, da bakin rassan da ke shigowa babban ruwa. Wuri mafi daɗi shi ne inda irin dutse ya canza, misali bangon dutse ya ƙare tsakuwa ta fara. In kana da na'urar duba ƙasan ruwa, nemi garken ƙananan kifi, ka lura da zurfin da suke. Inda ka gan su bas baya nisa.

Kashe babban inji tun daga nesa ka ƙarasa da ƙaramin mai batir. Ruwan tafkuna irin su Dale Hollow da Norris da Cumberland garau yake har kana hango dutse a ƙasa, kai ma kifi na hango ka. Tsaya iya nisan jifa daga gaɓa, jirgi a kan ruwa mai zurfin ƙafa 30 zuwa 50, ka riƙa jefawa wajen gaɓar. In zai yiwu iska ta kasance a bayanka.

In baka da jirgi ba a rufe maka ƙofa ba. Nemi gaɓar dutse mai zurfi da ake iya sauka da ƙafa, ko jikin duwatsun da aka jera a gefen gada. Matsalar gaɓa ita ce babu fili a bayanka na jifa, zan faɗi maganinta a mataki na gaba.

5. JIFA

Nan ne ake shan wahala a ranar farko, don zare mai ƙafa 10 na reto a ƙasan fulot ba a jefa shi kamar yadda aka saba. Naɗo zare har fulot ya rage kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin sanda. Buɗe ril ka riƙe zaren da yatsa. Waiga ka tabbatar abokinka baya bayanka, ƙugiya a kunne ba wasa ba ce. Sai ka ɗaga sandar ka kai ta baya a hankali, jig ɗin zai bi ta sama ya wuce, ka dakata, kar ka yi gaggawa, jira sai ka ji ko ka ga jig ɗin ya taɓa ruwa a bayanka ɗis. Wannan taɓawar ita ke nuna zaren ya miƙe. Sannan ka turo sandar gaba ta saman kai, turawa mai sulɓi ba bulala ba, ka saki zaren.

In ka yi sauri baka jira ba, jig da fulot za su cakuɗe a iska su faɗo a dunƙule. In ka yi da ƙarfi kamar mai dukan jaki kuma jig ɗin na iya tsinkewa ya tafi abinsa. Dab da fulot zai sauka ka ɗan taɓa bakin ril da yatsa, hakan na sa jig ya wuce gaba ya faɗa nesa da fulot.

Mai gajeriyar sanda ko mai tsayuwa a gaɓa sai ya koma fulot mai zamewa, wanda zare ke bi ta cikinsa, a ɗaura ɗan ƙullin tsayarwa a zurfin da ake so. Jifansa ba wuya ko kaɗan. Sai dai jig mai 1/16 bai cika iya jan zare ta cikinsa ba, dole ka hau 1/8 ko ka matse 'yar dalma a sama da jig kamar ƙafa biyu. Kuma duk lokacin da ka ja, jig ɗin tasowa yake ya bar zurfin. Yana kamawa amma bai kai na asalin ba.

6. KARANTA FULOT DA MOTSA SHI

Da ya faɗa ruwa zai kwanta a gefe. Rufe ril, ɗebe sakon zare, ka zuba masa ido. Jig na sauka a hankali, bayan 'yan daƙiƙu zaka ga fulot ya miƙe tsaye. Yanzu aiki ya fara.

In bai miƙe ba, ɗayan uku ne: zaren ya harɗe, ko ruwan wurin bai kai zurfin zarenka ba jig na kwance a dutse, ko kuma kifi ya cafke tun yana saukowa. Ɗaga sanda a hankali ka ji.

In akwai iska tana kaɗa ruwa, kar ka yi komai. Da gaske nake, komai. Igiyar ruwan na ɗaga fulot tana saukewa, jig na rawa a ƙasa fiye da yadda hannunka zai iya sa shi. Kai dai ka riƙa ɗebe sakon zare kar iska ta yi masa ciki. In ruwa a kwance yake, ɗaga sanda sama ka riƙa ɗan karkaɗa bakinta da wuyan hannu, kaɗan kaɗan, yadda fulot zai riƙa gyaɗa kai yana fidda 'yan zobba a kan ruwa ba tare da ya baro wurinsa sosai ba. Karkaɗa na daƙiƙa biyar zuwa goma, tsaya kamar haka ko fiye, jawo shi taku ɗaya, sake. Yawancin cizo a lokacin tsayawar yake zuwa.

Babban kuskuren da nake gani wurin mutane shi ne sauri. Mutum ya saba da fatsar bazara, hannunsa baya iya zama, kafin minti ɗaya ya naɗo ya sake jefawa. Da ka ja da sauri jig ɗin tashi yake ya biyo fulot a karkace, ƙafa 10 ɗinka ta koma 6, ka fita daga inda kifin yake. Jifa ɗaya ya ci minti biyu zuwa uku ba laifi ba ne. Ka yi aikinsa har rabin hanya zuwa jirgi, don sau da yawa kifin ba a jikin gaɓa yake ba, yana can waje a rataye kan ruwa mai zurfi.

Cizo kala uku ne. Wani lokaci fulot ya ɓace ɓat. Wani lokaci ya riƙa nutsewa a hankali kamar an rataya masa ƙarin nauyi, ko ya kama tafiya gefe. Na ukun shi ke wuce sabbin shiga: fulot na tsaye sai kawai ya kwanta. Kifi ne ya taso daga ƙasa ya ɗauki jig ya ci gaba da tasowa, nauyi ya bar fulot. Wannan cizo ne cikakke, kar ka tsaya kallo.

7. NEMO ZURFIN

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da ke raba mai kamawa da mai shan iska, wannan ne. Kifin yakan ɗan taso ya ɗauki abin da ke samansa, amma da wuya ya sauka ya bi wanda ke ƙasansa, kuma a wannan sanyin ko tasowar ba mai nisa ba ce. Don haka ƙafa biyu kacal na iya zama bambancin wuni.

Fara da 10. In kun yi kamar minti arba'in a wurare masu kyau shiru, kafin ka taɓa launi canza tsawon zare. Rana ta fito ruwa garau, ƙara zuwa 12 ko 13. Hadari da iska, rage zuwa 8 ko 9. In ku biyu ne kar ku sa tsawo ɗaya, ɗaya ya sa 9 ɗaya 12, wanda ya fara samu sai a koma nasa. In na'ura ta nuna garken ƙananan kifi a ƙafa 14, sa jig ɗinka a 12, sama da su kaɗan. Nakan naɗo zaruruwa masu tsawo daban-daban da jig a ɗaure tun daga gida a jikin guntun soso, in canji ya tashi ƙulli ɗaya kawai zan yi. Wuce ƙafa 13 ko 14 kuma jifa da ɗauko kifi na zama azaba, in sun yi ƙasa haka gara fulot mai zamewa.

8. SOKA ƘUGIYA DA JAN KIFI

Kar ka fizga. Ƙugiyar siririya ce mai kaifi, zaren kuma laba 4 ko 6 ne. Naɗe sakon zare da sauri har ka ji nauyi, sannan ka ɗaga sandar sama da ɗan ƙarfi, ya isa. Birkin ril ka saita shi tun farko yadda zaka iya jan zare da hannu ba tare da ya yanke ka ba.

Kifin da ka ɗauka sanyi ya kashe masa jiki, da ya ji ƙarfe zaka sha mamaki. Zai yi ƙasa da ƙarfi, bar shi ya ja, sanda a sama a lanƙwashe, in ril na kuka kar ka naɗa, sai ya tsaya. Mafi hatsari shi ne lokacin da ya hango jirgi, nan yake yin fizga ta ƙarshe ya nufi ƙarƙashinsa. In ya yi haka tsoma bakin sandar cikin ruwa ka bi shi, kar zaren ya gogi jikin jirgi.

Ga inda koma ke shigowa. Fulot zai iso bakin sanda alhali kifi na can ƙafa 10 a ƙasa, ba sauran abin naɗawa. Kar ka ja suwibul ya shige zoben ƙarshe, yana fasa shi. Ɗaga hannunka sama iya tsawonsa, ka ja da baya zuwa ɗaya gefen jirgin a hankali kana kallon inda kake taka, abokinka ya tsoma koma a ruwa ya jira ka jawo kifin da kai ya shiga. Ba a bin kifi da koma ta baya. Kuma kar wanda ya kama zaren da hannu don ya taimaka, da an kama shi laushin sanda ya tashi a banza, fizga ɗaya zai tsinke.

9. SAKI KO ƊAUKA

Na san halinmu, a ce mutum ya sha wannan sanyin ya kama kifi mai kilo biyu sannan ya mayar ruwa, wani zai ce an taɓu. Amma doka ce. A Dale Hollow duk bas mai ƙaramin baki da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 21 dole a sake shi, kuma yawancin waɗanda wannan dabarar ke kamawa a nan suke faɗawa. Kowane tafki da nasa ƙa'idar kuma ana sabuntawa, don haka ka duba littafin dokar shekarar kafin ka fita, ka tafi da abin awo.

Wajen saki, jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, riƙe leɓen ƙasa ka tallafi cikin da ɗaya hannun, cire ƙugiya da filaya. In iska ta kai sanyin daskarewa kar ka bar shi a waje ana ta hoto, idonsa da wurin numfashinsa na iya daskarewa cikin ɗan lokaci. Hoto ɗaya, mayar da shi. Daɗin abin, tunda daga ƙafa 10 ko 12 aka ɗauko shi ba daga can ƙasa ba, cikinsa baya kumbura, yana komawa lafiya.

10. ƘANANAN MATSALOLIN SANYI

Zoben sanda zai riƙa toshewa da ƙanƙara, saƙaƙƙen zare ma ya fi jawo wannan don yana ɗebo ruwa. Tsoma sandar cikin tafki ka girgiza, ruwan ya fi iskar ɗumi, zai narke. Shafa ɗan basilin ko man leɓe a zoben tun kafin a fara yana rage shi. Kar ka ɓantare da wuƙa ko haƙori. In sanyin ya yi yawa har zaren na daskarewa a kan ril, koma nailan zalla na ranar.

Bayan kowane kifi shafa ƙafa biyun ƙarshe na fulorokabon, in ka ji kaushi yanke ka sake ɗauri. Taɓa tsinin ƙugiya a farce, in tana zamewa bata kamawa canza jig. Wajen sauke jirgi da fito da shi kuma ka kula da gangaren siminti, ruwan da ya zuba daga tirelar wanda ya riga ka yakan daskare ya zama santsi.

Da ka ga ma'auni ya fara haura digiri 12 zuwa 13 a cikin Maris, kifin ya warware, ya koma bin abinci da gudu yana matsowa gaɓa. Lokacin sai ka kwance fulot ɗin, ka wanke jig ɗinka da ruwan ɗumi ka shanya su bushe sosai kafin ka rufe a akwati, don in ka rufe su da danshi ƙugiyoyin tsatsa za su yi kafin wani Disamban.